Kwali huɗu na faya-fayai a shagon marigayi Yaya: wanne ya lalace, wanne aka kulle?

Ɗan Autan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu ilimin kwamfuta. Shekara uku ke nan da rasuwar yayanmu, shagonsa na sayar da kaset da faifai yana kulle, sai makon jiya mai gidan ya aiko yana son ɗakinsa. Muka buɗe muka tarar da kwali huɗu maƙare da faya-fayai, ɗaya ma gara ta cinye gindinsa. Akwai finafinan Hausa na VCD, akwai wa'azi da karatu, akwai DVD na Faransa irin na gwanjo, da wasannin kwamfuta da na PlayStation ta farko. Na ce kafin su ƙarasa bari in juye su a kwamfuta. Wasu sun juyu lafiya lau. Wasu kuwa abin ya ɗaure mini kai: faifai fes, ko ƙwarzane ɗaya babu, kana ganin fuskarka a ciki, amma da an fara kwafa sai ya cije a kashi 1 ko 2 cikin ɗari, na'urar ta yi ta gurnani har in gaji in cire. Wani kuma ya kwafu har ƙarshe, amma in na buɗe wasan sai ya ce in saka faifan asali. Na shafa wa biyu man goge baki kamar yadda wani ya ce mini, babu abin da ya canza. Laifin na'urata ne ko na faifan?

Kawu Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Amma yaro, ajiye man goge bakin nan, ka bar wa haƙoranka. Faifan da bai karce ba me za ka goge a jikinsa?

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta masa. Ni dai gaskiya ban ga abin wahalar da kai ba. Wa ke kallon faifai yanzu? Nan Injamena ko na'urar ma sai ka sha yawo a kasuwa kafin ka samu. Komai yana YouTube. Ka zaɓi biyu ko uku don tunawa da shi, sauran ka ba yara su rataya a keke.

Injiniya Kusiri:
Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗan Auta, kada ka ƙara taɓa ko ɗaya da goge-goge tukuna. Abin da ka kwatanta, faifai lafiyayye da ke cijewa tun daga farko, na san shi farin sani. Saka faifan wasan nan, kada ka kwafa, buɗe shi kawai ka karanto mini sunayen fayil ɗin da ke ciki. Musamman ka duba ko akwai mai suna 00000001.TMP.

Ɗan Autan Garwa:
Yaya Injiniya, wallahi ga shi nan. Akwai 00000001.TMP, akwai DRVMGT.DLL, akwai SECDRV.SYS. Duba kake yi ne?

Injiniya Kusiri:
Babu duba, sabo ne. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Kulle ne a jikinsa mai suna SafeDisc, na kamfanin Macrovision, wanda ya yi tashe daga ƙarshen shekarun 1990. Dabarar ita ce, tun a masana'anta suke dasa ɗaruruwan gurabe marasa karantuwa a farkon faifan, da gangan. Bayanan faifai a yanke suke gida-gida, kowane gida ana ce masa sekta. In ka kunna wasan, sai ya fara leƙa waɗannan gidajen. In ya same su a lalace yadda ya sani, sai ya yarda faifan asali ne. In ya same su sumul, sai ya gane kwafi ne ya ƙi tashi. Ka ga ke nan lalacewar ita ce shaidar. Na'urarka kuwa ba ta san da wannan ba, tana ta komawa gida ɗaya tana sake gwadawa, shi ne gurnanin da kake ji.

Yadda za ka raba kulle da lalacewar gaske: kuskuren kulle yana taruwa a farkon faifai, kuma duk sau nawa ka karanta a gidajen nan dai za ka same shi, ko da ka canza na'ura. Kuskuren karce kuwa yana bin inda karcen yake, yau na'ura ta tsallake wannan gida, gobe ta kasa.

Kawu Mai Rediyo:
Ikon Allah. Wato mutum ya gina gida ya haƙa rami a zaure da kansa, don ya gane baƙo daga ɗan gida. Shekara talatin ina gyaran rediyo da bidiyo a Marwa ban taɓa jin wannan ba. Mu abin da muka sani a zamanin kaset shi ne in ka haɗa bidiyo biyu za ka juye fim ɗin Turawa, hoton ya riƙa haske yana duhu, haske yana duhu.

Injiniya Kusiri:
Kawu, ai kamfanin nan ne dai, Macrovision. Da kaset suka fara kafin su dawo kan faifai. Kun daɗe da gamuwa, sunan juna ne ba ku sani ba.

Ɗan Gidan Gem:
Hhhh Kawu ashe tsohon abokin gaba ne. Yaya Injiniya, ni kuma ga tawa. Lokacin da nake tsare gidan gem a Ngawundere akwai wani wasan PlayStation da muka kwafa saboda na asalin ya fara tsufa. Kwafin yana tashi, ana bugawa lafiya, sai an kai wani mataki ya daskare. Kullum wuri ɗaya. Yara har sun haddace, in an kusa wurin sai su ce "ga shi nan zuwa". Mun ƙona faifai ya fi biyar muna zagin mai sayar mana da faifan banza, ashe bawan Allah ba ruwansa?

Injiniya Kusiri:
Ka je ka nemi gafararsa. In wasan na Turai ne, wato lambar jikinsa ta fara da SLES ko SCES, da wuya in ba LibCrypt ba ne. Nan sai na ɗan tsawaita, ku yi haƙuri, don a nan yawancin mutane ke ɓata aikinsu ba su sani ba.

Kowane gida a faifan CD bayit 2352 ne. In faifan bayanai ne, 2048 kawai kwamfuta ke nuna maka, ragowar adireshin gidan ne da lissafin gyaran kuskure. Ban da wannan kuma akwai wasu bayit 96 da ke tafiya a gefen kowane gida, kamar rubutun da malamai ke yi a gefen shafin littafi. A nan faifai ke faɗa wa na'ura waƙa ta nawa ake ciki da minti nawa aka yi. LibCrypt a wannan rubutun gefe ya ɓoye mabuɗinsa, ta hanyar ɓata wasu wurare da gangan. Mai kwafa da manhajar yau da kullum ba ya ɗaukar rubutun gefen, na'urar ƙonawa ce ke rubuta sabo mai kyau. Sai wasan ya je neman mabuɗi ya tarar an share. Kuma mugun abin, ba ya ƙin tashi, sai ya bari ka yi nisa.

Shi ya sa nake ce wa mutane fayil ɗin ISO, wanda aka fi juye faifai a cikinsa, ba hoton faifai ba ne cikakke, wato ba kwafinsa ba ne gaba ɗaya. ISO 2048 ɗin nan kawai yake ɗauka. Ga DVD ya isa, ga CD mai kulle ko mai waƙoƙi ko VCD bai isa ba. Ana bukatar fayil biyu, BIN mai ɗaukar gidajen ɗungurungum da CUE mai faɗin tsarinsu, kuma in da hali a haɗa da fayil ɗin rubutun gefe. Wani kullen, SecuROM na Sony, shi ma tsofaffinsa a rubutun gefe suke ɓuya, sabbinsa kuma da StarForce na Rasha sun wuce nan, auna yadda gidajen suke zaune a jikin faifan suke yi, abin da ba ya cikin bayanan kwata-kwata. Irin waɗannan sai da manhaja kamar Alcohol 120% mai auna wannan ta ajiye a fayil ɗin MDS.

Baban Khalifa:
To Injiniya, duk na ji. Amma bari in tambaya tsakani da Allah. A ce ya yi duk wannan, ya ɗauko gida da gefen gida da bayan gida. Wasan zai tashi a kwamfutarsa?

Injiniya Kusiri:
A Windows ta yanzu, a'a. Tun 2015 Microsoft ta daina karɓar SECDRV.SYS ɗin nan saboda ƙofa ce ta ɓarna, don haka ko faifan asalin ka saka a Windows 10 ba zai tashi ba.

Baban Khalifa:
Ka ji ko! Kai da bakinka. To wahalar ta mece ce?

Maman Hanifa:
Baban Khalifa, ai wannan amsar hujja ce a kanka ba a kansa ba. Mutum ya sayi abu da kuɗinsa, ba jabu ba, shekara ashirin baya, yau mai kullen ya tafi da mabuɗi. In ba wanda ya ajiye hoton faifan yadda yake, da kullen da komai, wa zai iya tayar da shi nan gaba a tsohuwar kwamfuta ko a manhajar da ke kwaikwayonta? Kuma zancen komai yana YouTube, ni malamar makaranta ce, na nemi wani faifan koyon karatun Faransanci da muke amfani da shi da yara a da, sama da ƙasa babu. Namu guda ɗaya ne, wani ya ɗora kofin shayi a kansa.

Baban Khalifa:
Hajiya, ban ce komai da komai ba.

Maman Hanifa:
Ka ce. Koma sama ka karanta, rubutu ba ya ƙarya.

Malam Mai Allo:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bin zancen, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Mai abu ya sa wa abinsa kulle. Mu kuma muna zaune muna koya wa juna yadda kullen yake. Haƙƙin mai fasaha haƙƙi ne, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988. A dokar ƙasa ma haka, Kamaru tana da dokar haƙƙin mawallafa ta Disamba 2000, kuma hedikwatar OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, a Yawunde take, da mu da Cadi duk muna ciki. Ba ina cewa Ɗan Auta ɓarawo ne ba, Allah ya kiyaye. Amma a faɗa a fili inda iyakar take.

Ɗan Autan Garwa:
Allah ya gafarta Malam, ni ba sayarwa zan yi ba. Ko sefa 100 ba na nema a ciki.

Malam Mai Allo:
Na yarda da kai. A fahimtata, wanda ya mallaki faifai ya ajiye kwafinsa don kada ya salwanta daban, wanda ya buga ɗari ya baza a tasha daban. Na biyun nan shi ne ya karya masu shirya finafinan Hausa da yawa, fim bai kwana biyu a kasuwa ba an cika gari da jabunsa. Iyakar abin da nake so a riƙe ke nan. Ku ci gaba.

Injiniya Kusiri:
Malam ya yi gaskiya, kuma abin da nake koyarwa ma ba fasa kulle ba ne. Mai fasa kulle cire shi yake yi ya jefar. Mai adanawa so yake kullen ya zauna daram a cikin kwafin, don shi ma yana cikin tarihin faifan. Sai dai masu kullen ma ba waliyyai ba ne. A 2005 an kama kamfanin waƙa Sony BMG ta sa wa faya-fayen waƙa wata manhaja mai suna XCP da ke shigewa cikin Windows ta ɓuya ba da sanin mai kwamfuta ba, wani masani Mark Russinovich ne ya tona, sai da suka janye faya-fayen daga kasuwa. Don haka Ɗan Auta, in ka ga faifan waƙa na Turai mai tambarin hana kwafi, kada ka bar shi ya kunna wani abu da kansa a kwamfutarka.

Ɗan Gidan Gem:
Ba su ne aka ce ana karya nasu da alƙalamin maka ba? 😂

Injiniya Kusiri:
Wancan wani kullen ne daban, key2audio, a 2002. Sun sa wata waƙar ƙarya ta bayanai a bakin faifan don ta rikita kwamfuta, mutane suka gano in an ja baƙin layi a kanta shi ke nan. Amma kada wanda ya gwada a faifan da yake son adanawa.

Ɗan Autan Garwa:
To na DVD ɗin Faransa fa? Jiya na saka ɗaya kwamfuta ta ce shiyyar ba ta dace ba, ta tambaye ni in canza, na danna eh. Na saka wani ta sake tambaya, na sake dannawa.

Injiniya Kusiri:
Tsaya nan! Kada ka sake dannawa. Sau biyar kawai na'urar ke yarda a canza mata shiyya, daga na biyar ta kafe a nan har abada, ko ka sake wa kwamfutar Windows ba ta dawowa. Faransa shiyya ta 2 ce, Amurka ta 1, mu da Cadi da Najeriya ta 5. Tun da na Faransa suka fi yawa a kwalinka, ka bar ta a 2 ka ƙyale ta. Ni na taɓa kashe wa wani mutum na'ura haka ina sabon shiga, sai da na biya shi daga aljihuna, har yau in mun haɗu a gadar Ngeli sai ya tuna mini.

Kullen DVD na asali CSS ne, mabuɗinsa bit 40, ya faɗi tun 1999 lokacin da manhajar DeCSS mai fasa shi ta fito, har aka gurfanar da wani matashi ɗan Norway, Jon Johansen, a kanta, kotu ta sallame shi a 2003. Wasu DVD na baya kuma sun ari dabarar gidajen da aka lalata da gangan, kamar ARccOS na Sony: na'urar falo tana bin hanyar da aka shata mata ta kauce musu, mai kwafa daga farko zuwa ƙarshe shi ke faɗawa ramin.

Kawu Mai Rediyo:
Ku tsaya, ni tsoho zan mayar da ku baya. Kun cika mu da kullen Turawa. Wasan Bature in ya ɓata a Garwa, akwai dubunsa a Faransa, akwai masu tara shi. Yaro ya ce a kwalin akwai finafinan Hausa da wa'azi. Su wa ya ajiye? Na san yadda kayan nan ke zuwa, daga Kano ta Yola ko ta Mubi, a buhu, cikin 'yar leda da takarda. Wasu kamfanonin da suka yi su yanzu ko ofis ba su da shi. Wa'azin da aka ɗauka a masallatan nan namu kuwa, wataƙila mutum ɗaya ne ya ɗauka da kyamara ya ƙona hamsin ya sayar, shi ke nan. Malamin ya rasu, mai kyamarar ya rasu. Waɗannan ba su da kulle ko ɗaya, amma su ne a bakin kabari.

Maman Hanifa:
Kawu ya gama magana.

Injiniya Kusiri:
Wallahi Kawu ka kama ni. Daɗin zancen kulle ya ɗebe ni na bar babban abu. Ɗan Auta, canza tsari: fara da waɗanda aka ƙona a kwamfuta. Juya faifai ka duba cikinsa. In azurfa ne fari tas, kuma a zoben da ke kewaye da ramin tsakiya akwai ƙananan rubutu, galibi na masana'anta ne, an buga shi da ƙarfe, yana da juriya. In yana da ɗan kore ko shuɗi, ko shunayya in DVD ne, kuma kana ganin iyakar inda rubutu ya tsaya, wannan ƙonawa aka yi. Rini ne a cikinsa, zafi da rana suna cinye shi. Shekara uku a ɗaki mai rufin kwano a Garwa, ka san abin da watan Maris da Afrilu suke yi a can.

Ɗan Gidan Gem:
Garwa ai ko mutum rininsa yana fita 😂

Ɗan Autan Garwa:
Za ka zo ka same mu, ɗan sanyin Ngawundere. Yaya Injiniya, na ɗaga wani faifan wa'azi sama saitin ƙofa, ina ganin haske yana ɓullowa ta wasu ƙananan huji kamar an soka allura. Ga rubutun Yaya da maka a samansa, ya sa sunan malamin da "dare na 27". Takardar ledar ta manne da shi, da na ja sai wani ɗan ɓawo mai sheƙi ya biyo ta.

Injiniya Kusiri:
Inna lillahi. Kada ka sake jan wata leda. Abin da mutane ba su sani ba, a CD bayanan suna can sama ne dab da ɓangaren rubutu, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe su. Kowa ƙasan yake lallaɓawa, alhali saman ne mai rauni. Karcen ƙasa ana iya gogewa a samu sa'a, abin da ya ɓare a sama ya tafi ke nan. DVD ya fi dama don nasa a tsakiyar roba biyu yake. In leda ta manne, yanka ta da almakashi ta gefe ka buɗe a hankali. Ƙurar ƙasan kuma ka share da tsumma mai laushi daga rami zuwa baki, a miƙe, kada ka zagaya, don bayanan a zagaye suke tafiya, karcen da ya bi zagayen ya fi kowane ɓarna. Ban da fetur, ban da kananzir.

Kuma VCD kada ka ja fayil ɗin AVSEQ01.DAT daga foldar MPEGAV ka ce ka gama. Don kallo ya isa, don ajiya bai isa ba. VCD yana zuba bayit 2324 a kowane gida, ya rage lissafin gyaran kuskure don fim ya samu wuri. Shi ya sa za ka ga fim ya haura mega 700 a faifan da aka rubuta 700 a jikinsa, kuma shi ya sa ƙaramin karce ke sa hoto ya farfashe fuskar jarumi ta koma dara. Ɗauke shi BIN da CUE da manhajar IsoBuster ko makamancinta. IsoBuster tana iya ajiye lissafin gidajen da ta samu da waɗanda ta rasa, ka ci gaba daga baya ko ka gwada da wata na'urar ta cike gibin. Ga DVD da faifan bayanai zalla, manhajar ddrescue a Linux haka take yi, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki daga inda ta tsaya za ta ɗora.

Baban Khalifa:
To na sauko kaɗan, saboda maganar Kawu ba taka ba Injiniya. Amma ta yaya zai san abin da ya kwafa daidai ne? Kwamfuta ta ce an gama, shi ke nan sai ya yarda?

Injiniya Kusiri:
Yau ka yi tambayar da ta fi ta kowa. Bai kamata ya yarda ba. Akwai lissafin da ake yi wa fayil ya fitar da lambar shaida, CRC32 mai harafi 8, MD5 mai 32, SHA-1 mai 40. Ko bayit ɗaya ya canza, lambar gaba ɗaya za ta birkice. Ka karanta faifai sau biyu, in da hali a na'ura biyu, in lambar ta zo ɗaya ka samu nutsuwa. Masu tara wasanni na shafin Redump sun wuce nan: ba sa ɗaukar kwafi a matsayin tabbatacce sai wani mutum daban, da nasa faifan, ya fitar da lamba iri ɗaya. Shaidu biyu ke nan. Suna amfani da manhajar redumper ko DiscImageCreator, da wasu na'urori ƙalilan da ke iya karanta faifai ɗanyensa, tsofaffin Plextor sun fi suna. Ɗan Auta, wasannin kwalinka ka fitar da lambarsu ka gwada da tasu, in ta dace ka san aikinka ya yi, kuma ka san wani ya riga ya ajiye shi.

Faifan waƙa da karatu yana da nasa shiririta. Kowace na'ura tana fara karatu da ɗan gociya, wata +6, wata +30, wata +667, shi ya sa na'ura biyu lafiyayyu za su ba ka lamba daban a faifai ɗaya. Manhajar Exact Audio Copy tana gyara wannan in an saita ta.

Sannan ka ɗauki hoton kowane faifai gaba da baya, da kwalinsa, ka rubuta abin da ke zoben tsakiya harafi da harafi. A na masana'anta sau da yawa za ka ga IFPI da L da wasu haruffa, wannan ta wurin da aka yanka uwar faifan ce, da wata IFPI ƙarama a cikin robar, ta injin da ya buga shi. Tun 1994 ake sa su. Fim ɗaya, kwali ɗaya, amma zobe daban, to bugu biyu ne, kada ka jefar da ɗaya ka ce maimai ne.

Maman Hanifa:
Rubutun hannun yayanka ma ka ɗauke shi hoto. Wata rana shi kaɗai ne zai faɗi wane malami ne kuma wane dare.

Ɗan Autan Garwa:
Jama'a na dawo, kwana biyu ina kan aiki. Na ware na ƙonawa, sun kai kwali ɗaya da rabi. Na "dare na 27" na karanta shi sau uku. Farkonsa ya fito, muryar malam tangaram, har ana jin jiniyar wani babur a waje. Wajen minti 40 ne ya fara tsalle, daidai inda ɓawon ya fita, kusan minti shida babu. Addu'ar rufewa ta dawo lafiya. Na gwada na'urar maƙwabcinmu ta ƙaro kaɗan, sauran ya ƙi.

Kawu Mai Rediyo:
Wane malami ne? Turo mini sunan ta gefe, kada ka sa a nan.

Ɗan Autan Garwa:
Na tura Kawu.

Kawu Mai Rediyo:
Allahu Akbar. Yaro, ina jin ina da irinsa. Wani direba ne ya kawo mini daga Garwa shekarun baya, kuma in ban manta ba rubutun maka ne shuɗi a kai. Yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado tare da takardun gida, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Bari yara su dawo daga makaranta su jawo mini, bayana ba ya son sunkuyo.

Injiniya Kusiri:
In daga uwa ɗaya aka ƙona su, ana iya cike gibin wancan da wannan. In ma ba ɗaya ba ne, a ɗauki kowanne daban a ajiye, a rubuta wanne ne na wa. Kawu, don Allah kada a saka shi a na'urar falo don a gwada, kuma kada a goge.

Kawu Mai Rediyo:
Ni za ka koya wa riƙon faifai? An jawo akwatin. Shi ne, "dare na 27", har da na 28 da na 29 a bayansa. Na ɗaga su a taga, babu huji ko ɗaya.

Ɗan Autan Garwa:
Kawu, na 28 da na 29 babu su a kwalinmu sam. Rubutun, bakwai ɗin tana da ɗan layi a tsakiya?

Kawu Mai Rediyo:
Tana da shi. Hannun yayanka ne. Akwai yaron da ke lodin Garwa ranar Alhamis, zan sa su a kwalin roba mai tauri in naɗe da tsumma, in ce masa kada ya ajiye a gaban mota inda rana ke duka. Ka tare shi a tasha da kanka. Kuma in ka gama ka dawo mini da abina.

Baban Khalifa:
Ɗan Auta, in an haɗa minti shidan nan a turo mini in ji.

Maman Hanifa:
Ka duba YouTube mana.